Jirgin Nelson mai filafilan atamfa: yadda za ka zaga Greenwich a yini ɗaya

Duk wanda ya taso yana sauraron rediyon ƙasashen waje ya san "agogon GMT". Harafin G ɗin nan sunan wata unguwa ce, Greenwich, a kudu maso gabashin Landan, a bakin kogin Thames. Tun 1997 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma kusan duk abin da ake zuwa gani a wurin yana da alaƙa da teku: tsohon jirgin dakon shayi, gidan tarihin jiragen ruwa, tsohon asibitin sojan ruwa, da ɗakin binciken taurari da aka gina domin matuƙa su daina ɓata. Yawancin baƙi daga jirgin shayin suke farawa, saboda shi ne a bakin tasha. Ni shawarata ka wuce shi tukuna, ka fara da wata ƙatuwar kwalba da ke bayan gidan tarihin. Idan ka fahimci abin da ke cikinta, sauran wuraren za ka kalle su da wani ido dabam.

Kafin ka fito

Abu biyu ne ke tsara yinin. Na farko, wuraren suna buɗewa ne da ƙarfe 10 na safe su rufe da 5 na yamma. Na biyu, akwai abin da ke faruwa sau ɗaya tak a rana, da ƙarfe 1 daidai, a kan tudu, don haka dole ka kasance can kafin lokacin.

Gidan tarihin jiragen ruwa, National Maritime Museum, da ginin Queen's House kyauta ake shigarsu. Jirgin shayin nan, Cutty Sark, da ɗakin taurari na Royal Observatory, da zauren Painted Hall kuwa sai da tikiti. Akwai tikitin haɗaka na Cutty Sark da ɗakin taurarin wanda ya fi sauƙi a kan sayen kowanne dabam, kuma gara ka saya ta intanet tun da dare. Ka duba shafinsu a ranar, domin tsofaffin gine-gine ne, ba a raba su da gyara, ana iya rufe wani sashe. Ka sa takalmin da za ka iya hawa tudu da shi, ka riƙe rigar ruwa ko da gari ya waye garau.

Hanyar zuwa

Ta ruwa ya fi dacewa a shiga Greenwich. Jiragen fasinja na Thames Clippers suna tasowa daga Westminster, su biyo ta London Bridge da Tower, su sauke ka a Greenwich Pier. Daga Westminster tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma za ka wuce ta ƙarƙashin gadar Tower Bridge, ka ga tsofaffin rumbunan ajiyar kaya da aka mayar gidajen zama. Ana biya da katin Oyster, wato katin sufurin Landan, ko katin banki na taɓawa. Ka lura da bangon bakin kogin: Thames a nan yana hawa yana sauka da igiyar teku, bambancin kan kai wajen mita 7, shi ya sa da safe za ka iya ganin laka da duwatsu inda da yamma ruwa ya cika maƙil.

In kuɗi ko lokaci ya hana, jirgin ƙasa daga London Bridge zuwa tashar Greenwich bai fi minti 10 ba, sannan ƙaramin jirgin ƙasa na layin DLR ma yana zuwa. Abin da za ka kiyaye shi ne tashar North Greenwich da ke layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee. Sunan ne kawai ya yi kama, wannan wani yanki ne dabam inda babban zauren O2 yake, sai ka sake hawa bas kafin ka iso.

Mataki na farko: kwalbar

Daga bakin ruwa ka miƙe ta titin King William Walk, ka bar Cutty Sark a bayanka, har ka kusa ƙofar lambun Greenwich Park. Ta hagu za ka ga ƙofar gidan tarihin da ke fuskantar lambun, kwalbar tana nan a waje kan dandamalinta. Ba tikiti, ba layi.

Tsawonta mita 4.7, faɗinta mita 2.8. A ciki akwai samfurin jirgin yaƙin HMS Victory, an ƙanƙanta shi sau 30, da igwa 80 da filafilai 37, wato yaduddukan da iska ke turawa jirgi ya tafi. Victory shi ne jirgin da shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, Horatio Nelson, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa ranar 21 ga Oktoba, 1805, inda aka karya haɗakar jiragen Faransa da Sifen, shi kuma aka harbe shi ya mutu a cikin jirgin. Ainihin Victory yana Portsmouth har yanzu. Na cikin kwalbar ya bi shi sau da ƙafa, in ban da abu ɗaya: filafilansa ba farin yadi ba ne, zanen atamfa ne.

Wanda ya yi aikin shi ne Yinka Shonibare. An haife shi a Landan a 1962, ya taso a Legas, ya koma Ingila yana saurayi. Yana ɗan shekara 18 ya yi wata rashin lafiya ta laka da ta shanye masa ɓarin jiki, don haka shi ke tsara aiki, masu taimaka masa su aiwatar. Da farko ba don Greenwich aka yi kwalbar ba. A dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan akwai wani dandamali da aka gina a 1841 domin mutum-mutumin wani sarki, kuɗi suka ƙare, ya zauna fayau fiye da shekara 150. Daga baya aka fara ɗora ayyukan masu fasaha a kansa na ɗan lokaci. Kwalbar Shonibare ta hau a watan Mayun 2010, ƙarƙashin doguwar hasumiyar Nelson kansa, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya samu wannan wurin. Da wa'adinta ya cika a farkon 2012, jama'a suka yi karo-karo aka saye ta, aka kawo ta nan ta zauna dindindin.

To me ya kawo atamfa jikin jirgin yaƙin Turawa? A nan ne ya kamata ka ɗan tsaya, kada ka ɗauki hoto ka wuce.

Mu a wurinmu atamfa tamu ce, ba a haɗa lefe babu ita, kuma a idon Bature ma ita ce alamar Afirka. Amma asalin salon rinin daga tsibirin Java na Indunusiya yake, inda ake zana kaki a jikin yadi da hannu kafin a tsoma shi a rini. Mutanen Holan, da suke mulkin ƙasar a lokacin, suka yi ƙoƙarin kwaikwayonsa da inji a ƙarni na 19 don su sayar wa mutanen Java da araha. Kasuwa ba ta karɓa ba, domin kakin inji yana tsattsagewa, rini ya bi ta tsagar ya bar jijiyoyi a jikin yadin, su kuwa suna ganin wannan aibi ne. Da aka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, musamman ƙasar da yanzu ake kira Ghana, sai jijiyoyin nan suka zama abin so. Masaƙun Holan da na Manchester suka koma buga zane don matan Afirka, matan kasuwa suka riƙa faɗa musu launin da ke tafiya, suna raɗa wa kowane zane suna. Shi ya sa har gobe a Kantin Kwari ake cewa "Holan" in ana nufin mai tsada.

Ka ga ke nan yadin da ke cikin kwalbar ya ratsa nahiya uku kafin ya zama namu, kuma duk a cikin jirgin ruwa ya yi wannan yawon. Nasarar Trafalgar ce ta bar wa Birtaniya iko da teku na kusan shekara 100, a kan wannan iko ta yi ciniki, a kansa kuma ta yi mulkin mallaka. Shonibare bai rubuta zagi a jikin kwalbar ba, bai kuma rubuta yabo ba. Wasu na ganin ya yi wa tarihin sassauci, tunda abin ya fito da kyau da ban sha'awa har yara na tsalle a gabansa. Ni ina ganin da gangan ne. Da ya yi abu mai ɗaure fuska, da mutane sun kauce masa. Sai ya yi abin da ke jawo ka, kana matsowa tambaya ta kama ka: iskar wa ta tura wannan jirgin, kuma wa ya biya? Ko ma'aikatan Victory ɗin, su kimanin 820, ba duka Ingilishi ba ne, akwai 'yan Afirka da 'yan yankin Karebiyan a cikinsu.

Ka zaga ta ko'ina. Ta wajen bakin kwalbar za ka ga toshiya da jan hatimi. Ƙananan jiragen kwalba da matuƙa ke yi don kashe lokaci, da zare ake ɗaga sandunansu bayan an zura su ciki. Wannan kuwa wuyanta ya isa mutum ya rarrafa ya shiga. Hoto ya fi kyau in ka tsaya a gefe kaɗan, don hasken sama kan dawo daga jikin kwalbar ya rufe jirgin.

Mataki na biyu: cikin gidan tarihin

An buɗe shi a 1937, kuma yana da girman da zai cinye maka yini in ka sake. Ka ba shi awa ɗaya da rabi, ka nufi wuri biyu.

Na farko sashen Nelson. A nan rigar da yake sanye da ita ranar Trafalgar take, da hujin harsashi a kafaɗar hagu. Ƙaramar riga ce, mai ita ba wani ƙato ba ne. Na biyu sashen cinikin Tekun Atilantika, inda ake bayanin fataucin bayi, da sukari da taba da auduga da aka noma da guminsu, da tawayen da bayin suka yi, da dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1807 ta haramta cinikin, shekara biyu kacal bayan Trafalgar. Wanda ya fito daga gaban kwalbar zai ga cewa sassan nan biyu labari ɗaya suke bayarwa, ko da yake ɗakunansu dabam. In da sauran lokaci, leƙa sashen kamfanin East India, na cinikin Ingila da ƙasashen Asiya, can ma yadi da shayi ne jigon zancen. Masu yara kuwa akwai wuraren wasa da aka ware musu.

Mataki na uku: tudu, kafin ƙarfe 1

Da 12 da rabi ka fito ka shiga lambun. Hawan bai fi minti 15 ba, amma ƙarshensa da tsayi. Mai keken guragu ko keken jariri ya tambayi hanyar da ke zagayawa, ta fi nisa amma ba ta da wahala.

A saman ginin da ake kira Flamsteed House akwai wata jar ƙwallo a jikin sanda. Da ƙarfe 1 saura minti 5 za ta hau rabi, saura minti 2 ta kai ƙoli, da 1 daidai ta faɗo. Tun 1833 ake wannan, domin jiragen da ke kogin su hango su saita agogonsu kafin su fita teku. In iska ta yi ƙarfi ba a ɗaga ta. Abin daƙiƙa kaɗan ne, wanda ya juya yana magana sai dai a ba shi labari, kuma daga waje ma ana gani ba sai da tikiti ba.

Me ya sa agogo ya zama abin rai da mutuwa a teku? Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4. Shi ya sa mutanen Maiduguri ke shan ruwa da azumi kimanin rabin awa kafin na Sakkwato, tsakaninsu wajen digiri 8 ne. Matuƙi yana iya gane tsakar rana a inda yake ta kallon rana. Idan yana da agogon da ke riƙe da lokacin gida daidai, bambancin lokutan biyu zai faɗa masa nisan da ya yi gabas ko yamma. Matsalar ita ce agogunan zamanin ba sa jure tangaɗin jirgi da zafi da sanyi. Sarki Charles na Biyu ya kafa ɗakin taurarin a 1675 don a nemi mafita ta hanyar taurari. A 1707 jiragen yaƙi huɗu suka daki duwatsun tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,400 suka halaka, kuma a 1714 majalisa ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar.

Wani kafinta ne, John Harrison, wanda ya koya wa kansa gyaran agogo, ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Agogunansa huɗu suna ciki, kuma su kaɗai sun isa kuɗin tikitin. Uku na farko manya ne, na tagulla, sassansu na lilo suna rama motsin juna. Na huɗun, wanda ya gama a 1759, bai wuce tafin hannu ba sosai, kuma shi ne ya yi nasara: a gwajin tafiya Jamaika, kuskurensa kimanin daƙiƙa 5 ne kacal.

A tsakar gidan ne layin digiri sifili yake, wanda taron ƙasashe a Washington ya amince da shi a 1884 a matsayin mafarin auna gabas da yamma. Za ka tarar da dogon layin masu son hoto ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma. In ba ka son jira, akwai ƙaramar ƙofar ƙarfe a ƙasan tsakar gidan, ta waje, inda layin ya ci gaba a jikin bango, kyauta. Wannan layin in ka bi shi kudu zai ratsa Faransa, Sifen, Aljeriya, Mali, Burkina Faso, Togo, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Wayarka kuwa ba za ta nuna sifili a kansa ba, domin layin da tauraron ɗan'adam ke aiki da shi yana kimanin mita 100 gabas da wannan. Agogon da ke jikin bangon ƙofa, na 1852, mai awa 24 a fuskarsa, kullum GMT yake nunawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Birtaniya na ƙara awa ɗaya, sai lokacin Landan ya zo ɗaya da na Kano da Yamai, agogon bangon ya zama yana baya da awa guda. Ba lalacewa ya yi ba.

Salla da abinci

Wannan sai ka tsara shi da kanka. Da hunturu rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin yawon. Da bazara kuwa Magariba na wuce ƙarfe 9 na dare. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take. In yanayi ya yi kyau lambun yana da faɗi da wuraren da ba kowa, in kuma masallaci kake so, akwai cibiyar Musulunci a Lewisham, DLR na kaiwa unguwar. Abinci kuma ka gangara kasuwar Greenwich Market mai rufi, a tsakiyar unguwar. Masu sayar da abincin ƙasashe iri-iri ne, wasu na liƙa alamar halal, inda ba ka gani ba ka tambaya.

Mataki na huɗu: gine-ginen bakin ruwa

Queen's House an fara shi a 1616, gini ne fari mai kusurwa huɗu, cike da zane-zanen teku da na sarakuna. Minti 20 ya isa, ka ga matakalarsa mai murɗawa ka fito.

Gabansa, har zuwa bakin kogi, su ne gine-ginen da mai tsara gini Christopher Wren ya zana a matsayin gidan kula da tsofaffin sojan ruwa, wanda aka kafa a 1694 a filin tsohuwar fadar da aka haifi Henry na Takwas da Elizabeth ta Ɗaya. An raba su gida biyu da fili a tsakiya saboda Sarauniya Mary ta Biyu ta ce kada a tare wa Queen's House ganin kogi. Daga 1873 zuwa 1998 kwalejin sojan ruwa ce, yanzu jami'a da makarantar kiɗa ke ciki. Yawo a harabar kyauta ne. Painted Hall shi ne na kuɗi: James Thornhill ya shafe shekara 19 yana zana rufinsa da bangonsa, daga 1707 zuwa 1726, kuma a nan aka ajiye gawar Nelson a Janairun 1806 jama'a suka yi ta tururuwa. Zanen kirarin sarauta ne zalla, har da sarkin Faransa a ƙarƙashin ƙafar na Ingila, kuma akwai surori marasa sutura irin na zanen Turawan da, mai tafe da iyali ya sani. In dole ka bar wuri ɗaya cikin masu tikiti, wannan za ka bari.

Mataki na biyar: Cutty Sark

Ka iso nan kafin ƙarfe 4, don ana daina shiga tun kafin lokacin rufewa. An ƙera shi a Dumbarton ta Sikotilan a 1869 domin tseren kawo sabon ganyen shayi daga ƙasar Sin, lokacin da jirgin da ya riga isowa Landan ke samun farashi mafi tsoka. Sai dai ya zo a makare. A watan da aka tura shi ruwa, Nuwambar 1869, a watan aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya gajarta wa jirage masu tururi hanya, su kuwa masu filafilai dole su ci gaba da zagaya ƙasan Afirka. Zuwa 1877 ya bar dakon shayi. Sunan da ya yi, a dakon ulu daga Ostireliya ya yi shi, ƙarƙashin kyaftin Richard Woodget, har ya taɓa zuwa daga Sydney cikin kwana 73. A 1895 aka sayar wa wani kamfanin Fotugal, ya yi shekaru yana dako da wani suna, kafin wani tsohon kyaftin Bature ya sayo shi a 1922. An kawo shi Greenwich a 1954. Gobara ta kama shi a Mayun 2007 ana tsakiyar gyara, Allah ya sa an riga an cire katakai da yawa an kai ajiya, aka sake buɗe shi a 2012.

Ka fara daga cikin rumbun kaya, ka hau sama ka ga ɗakunan kwanan ma'aikata, ka kwatanta ƙuncinsu da ɗakin kyaftin. Sannan ka sauka ƙasa. An ɗaga jirgin mita 3 sama, don haka za ka yi tafiya a ƙarƙashin cikinsa, wanda aka lulluɓe da faranti na haɗin tagulla don hana tsutsar ruwa da gansakuka. Daga nan ne za ka ga siririn gabansa, ka gane inda gudun yake fitowa.

Daga nan sai gida

Dab da jirgin akwai wani ɗan gini mai ƙubba ta gilashi. Ƙofar hanyar ƙafa ce da ta bi ta ƙarƙashin kogin, an buɗe ta a 1902 don ma'aikatan tashar jiragen ruwa su riƙa tsallakawa aiki ba tare da jiran kwale-kwale ba. Tsawonta kimanin mita 370, kyauta ce, a buɗe take dare da rana. Akwai lif a kowane ɓangare, amma yakan tsaya, in haka ta faru sai matakala mai murɗawa. Ka yi hattara da masu keke, ko da yake an hana su hawa a ciki. Za ka ɓullo a Island Gardens, inda ake ganin gine-ginen Wren da Queen's House da tudun duka a jere, kuma nan ne hoton unguwar ya fi fita. Tashar DLR ta Island Gardens na nan kusa, ba sai ka sake komawa ta ramin ba, jirgin zai kai ka Canary Wharf ko Bank.